Fita ƙasar waje: aljihu ne ko takarda?

Malam Na-Jega: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a mayar da ita siyasa. A Kebbin yau, wa ke iya fita ƙasar waje? Na ɗauki biro na yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a jiharmu naira 75,000 ne. Kujerar Hajjin 2025 a shiyyarmu ta kama naira miliyan 8 da dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Wato ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara na wata 112, sama da shekara tara, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. A 2019 kujera tana wajen miliyan ɗaya da rabi, mafi ƙarancin albashi na ƙasa 30,000, wata 50 ke nan. Fasfo kansa, mai shafi 32, tun Satumban 2025 ya koma 100,000, ya fi albashin wata guda. Ni a ganina fita waje ta zama ta masu kuɗi zalla, karatu ba ya tsinana komai. A makarantarmu akwai masu digiri biyu da ko harabar filin jirgin Ambursa ba su taɓa takawa ba. Ku me kuka gani?

Ɗan Kamba: Wa alaikumus salam. Malam, wace ƙasar waje kake nufi tukuna? Don in ƙetare iyaka ne, mu nan yaro mai kabu-kabu shina yi kafin ya karya kumallo. Gaya ƙasar Nijar ce, daga Gaya ka haye kogi kana Malanbil ta Benin. Dole Kaina gari ɗaya ne, wani sashe Najeriya, wani Nijar. Mutanen Tsamiya da Lolo kuwa Benin ta fi musu Birnin Kebbi kusa. Mafi yawan masu wagga zirga-zirga ko aji ɗaya ba su yi ba, kuma ba masu kuɗi ba ne. To su ba su fita waje ba?

Malam Na-Jega: Ka san abin da nake nufi. Jirgi, fasfo, biza.

Ɗan Kamba: Na sani, shi ya sa na tambaya. Ku 'yan boko in mutum bai hau jirgi ba, kamar bai yi tafiya ba. Tun 1979 ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 babu biza. Ko da Nijar da Mali da Burkina Faso sunka fice a Janairun 2025, ba a ce a sa biza ba. Abin da ka hana talaka ƙetarewa nan ba jahilci ba ne, shingaye ne da rufe iyaka. An rufe a Agustan 2019, tamu ta Kamba sai Afrilun 2022 anka buɗe, anka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 sai Maris na 2024. Ka zo ka ga yadda kasuwarmu ta mutu lokacin. Sai kuma sefa. Jaka guda ta sefa da muke canzawa ƙasa da naira dubu, ta haura dubu biyu. Da mu ka zuwa Gaya muna fankama da naira, yanzu su ka zuwa nan suna kwasar kaya.

Bakabe: Ɗan Kamba ya taɓo inda nake so. Kakanninmu Sarkawa daga Argungu da Yawuri da kwale-kwale suke bin Kwara, su yi ta haurawa har ƙasar Mali, wasu su nufi tafkin Chadi. Fatake su bi ta Yawuri da Illo su tafi Gwanja sayen goro, wasu suka zauna can, shi ya sa ake da zango a Kumasi da Ankara ta Gana. Alhazan farko da ƙafa suka tafi, ta Chadi da Sudan, a yi shekaru ana tafiya ana tsayawa ana noma ko ɗinki a samu guzurin gaba. Garin Mai Wurno a Sudan mutanenmu ne da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Babu mai takardar firamare a cikinsu. Talaka ya riga attajiri da ɗan boko fita, takarda ce ta zo daga baya ta tare masa hanya.

Malam Na-Jega: To ai ka dawo kan maganata, Bakabe. Hanyar ƙafa ta rufe, ta jirgi ta rage, ita kuma kuɗi take ci.

Dakta daga Kalgo: Malam, ban yarda karatu ba ya tsinana komai ba. Mahaifina manomin gero ne, ko keke bai bari ba da ya rasu. Na yi digiri na uku a Malesiya, kuma kwabona bai shiga kuɗin jirgi ba, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ce ta biya. Akwai irina da yawa a jami'o'i da kwalejojin jihar nan, wasu Malesiya, wasu Indiya, wasu Ingila. Akwai tallafin karatu na PTDF, akwai na Chevening, akwai na Commonwealth. Waɗannan ba sa tambayar shanu nawa mahaifinka ya mallaka, sakamakonka suke dubawa da yadda ka iya rubuta abin da kake so ka yi. Ga ɗan talaka, in ba karatu ba, ban ga wata ƙofa ta halal da za ta kai shi Turai ba.

Amma zan faɗi abin da ke goyon bayanka. Ƙofar tana ƙara tsukewa. TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, dalilan da ta bayar su ne tsadar canji da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Shirin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya da ke kai yara Maroko, Rasha, Aljeriya da Hangari shi ma an ce an daina. Wanda ya shige ya shige. Ɗaliban da nake koyarwa yanzu, da yawansu sun fi ni kai, amma ba su da damar da na samu.

Maman Hanifa: Dakta, barka da dare. Ƙyale ni in ƙara maka, don ni ina cikin abin tsundum. Ma'aikaciyar jinya ce ni. Ana cewa mu ne aka fi nema a waje, gaskiya ne, amma kafin takardarka ta yi maka amfani sai ka yi mata hidima da kuɗi. Jarabawar Turanci ta IELTS kaɗai ta fi albashina na wata, kuma ba a Birnin Kebbi ake yi ba, ga kuɗin mota ga masauki. In maki ɗaya ya gaza a ɓangaren rubutu, a sake biya. Bayanta ga jarabawar hukumar jinya ta can, ga tantance takardu, ga gwajin tarin fuka, ga biza. Ko tallafin karatu kyauta aka ba ka, fasfo da waɗannan ƙananan abubuwan kai za ka yi. Na san wadda ta samu gurbi ta rasa shi don ba ta da kuɗin share fage. To wannan me za a kira shi? Karatu ya kai ta bakin ƙofa, aljihu ya dawo da ita.

Dakta daga Kalgo: Haka ne. Kuma wanda zai biya wa kansa karatu a Ingila, sai ya nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a asusunsa ba su motsa ba, ga kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara. Tun Janairun 2024 ma sun hana mai digiri na biyu tafiya da iyali, sai mai bincike.

Alhaji Mai Albasa: Salamu alaikum. Yaro na ka rubuta mini, ni nika faɗi. Ni ban yi boko ba, allo na yi. Da albasar Aliero na sauke farali, da ita na kai uwar ɗiyana, kuma in Allah ya hore ina zuwa Umara cikin azumi. Albasarmu har Gana da Kwaddibuwa ana kai ta, yaranmu na bin motoci. Malam Na-Jega, kai albashi kake lissafi. Mu ba mu lissafi da wata. Mutum ya ɗaure bijimai, ya aje buhunan shinkafa, in lokacin biyan kujera ya yi ya sayar. In naira ta faɗi, sa ya tashi, buhu ya tashi. Albashinka ne ba ya tashi. Je sansanin alhazai ka duba, manoma da 'yan kasuwa da Fulani sun fi ma'aikata yawa nesa ba kusa ba.

Malam Na-Jega: Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Wannan magana ta shige ni. Wato mai albashi ne ya fi kowa shan kashi tun da aka saki naira a Yunin 2023. Dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Kujera da dala ake lissafinta, jirgi dala, masauki riyal. Mu kuma aka ƙara mana abin da bai kai ya kawo ba.

Baban Sadik: Ku tuna abin da ya faru a 2024. Mutane sun biya miliyan 4.9 sun koma gida suna shirin walima, sai hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ce a ciko miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Wa ya iya cikowa? Mai abin sayarwa. Duk da naira biliyan 90 da gwamnatin tarayya ta zuba a matsayin tallafi. A shekarar ne ma jirgin farko na ƙasa baki ɗaya ya tashi daga nan Birnin Kebbi, muna ta murna, amma na san gidajen da ba a yi murnar ba. Kujeru 95,000 aka ba Najeriya a shekarar, waɗanda da ake rububinsu har da neman alfarma, amma ba a iya cikewa ba.

Alhaji Mai Albasa: Amma bari in faɗa muku inda kuɗina ba su yi mini rana ba. Na so in tafi wata ƙasa ta Turai in ga injinan busar da albasa, don asarar da muke yi wajen ajiya ta yi yawa. Anka ce in kawo takardar banki ta wata shida, da rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji. Ni cinikina hannu da hannu ne, rabin dukiyata na cikin rumbu da garke. Anka hana ni. Wani yaro da na sani, ma'aikacin wata ƙungiya, wanda abin da yake samu a shekara bai kai cinikina na mako biyu na kaka ba, shi anka ba shi, don wasiƙar gayyata gare shi da albashi mai shiga kowane wata. Kuɗin da na biya kuma ba a maido ba.

Dakta daga Kalgo: Alhaji, ranka ya daɗe, ka ba da amsar da ta fi tawa. Ofishin jakadanci ba dukiya yake gani ba, takardar dukiya yake gani. Abin da jami'in biza ke so ya tabbatar ɗaya ne, cewa za ka dawo. Shanu ɗari ba sa shiga fayil. Albashin dubu ɗari biyu mai shiga ranar 25 ga wata yana shiga. Don haka Makka da Kwatano da Yamai kuɗi suke tambaya, Landan da Paris kuɗin da aka rubuta suke tambaya, kuma rubuta kuɗi aikin 'yan boko ne. Kuɗin neman bizar ma ba wasa ba: Amurka dala 185, ƙasashen Turai na Schengen yuro 90, a ba ka ko a hana ka sun ci.

Hajiya Mai Atamfa: Ina ta karantawa ina dariya, duk maza ne ke ta lissafinsu. Ku tambaye mu. Ni sakandare na tsaya. Da Kwatano na fara, ta mota, ina saro atamfa da leshi a Dantokpa, daga nan Lome, sai da jari ya yi ƙarfi na fara Dubai. Da Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, kusan shekara biyu, da yawanmu muka koma Misira da Chana, wasu suka koma saro ta waya. A cikin matan da muke tafiya tare, masu digiri ba su da yawa. Abin da ke raba mace da tafiya a garin nan, kafin kuɗi kafin karatu, izini ne. Akwai matar da ke da gadon gona da gida, tana da abin zuwa Umara sau uku, maigida ya ce a'a, magana ta ƙare. Akwai mai digiri na biyu da ta samu gurbi a waje, dangin miji suka ce wa zai riƙe yara. Ku sa wannan a lissafinku.

Baban Sadik: Hajiya, a yi mana adalci. Ba kowane namiji ne ke hanawa don mugunta ba. Akwai maganar muharrami.

Hajiya Mai Atamfa: Ban ce mugunta ba, Baban Sadik, na ce izini. Kuma muharrami ma kuɗi ne, kujera biyu ke nan maimakon ɗaya. Saudiyya ta sassauta nata sharaɗin, mace na iya zuwa cikin ayarin mata amintattu, amma gidajenmu ba su sassauta ba. Ni Allah ya ba ni miji mai fahimta, shi ya fara raka ni Kwatano.

Ustaz Gwandu: Hajiya, wannan mas'ala ce mai faɗi, malamai sun yi saɓani, a bar ta wani zama. Ina so in gyara abu biyu. Na farko, in ana cewa ilimi a zauren nan sai a nufi boko kawai. Ɗalibai nawa ne daga ƙasar Gwandu da Argungu suka tafi Jami'ar Musulunci ta Madina kyauta, da tikiti da masauki da alawus? Wasu Azhar, wasu Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka kwaso su. Yaran da ke cin musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa, ana kai su Saudiyya da wasu ƙasashe su wakilci Najeriya, da yawansu 'ya'yan talakawa ne futuk. Sai dai ko nan takarda ta shigo. Madina tana son shaidar sakandare, almajirin da ya haddace a tsangaya ba shi da ita, ko ya fi mai ita karatu.

Na biyu, Hajji Allah ya ɗora shi a kan wanda ya samu iko. A mazhabarmu ta Malikiyya iko shi ne mutum ya iya isa ba tare da wahala mai tsanani ba, yana amintacce a kan ransa da dukiyarsa, ko da da ƙafa ne in yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Da wannan kakanninmu suka tafi, kamar yadda Bakabe ya faɗa. Yau babu wannan hanyar. Wanda bai da kuɗin kujera ba shi da laifi wurin Allah, kada ya sayar da gonar da iyalinsa ke ci don a kira shi Alhaji.

Sarkin Zolaya: Allah gafarta Malam, kun manta ƙofa ta uku, kuma ita ta fi sauri. Ba kuɗi, ba karatu, uban gida. Ka iya kirari, ka iya tura hoton mai girma a Facebook safe da yamma, sai ka ji sunanka a kujerun rabo. Na san wanda ya je sau biyu, ko akuya bai da ita, ko Fatiha sai an gyara masa.

Shugaban Zaure: Sarkin Zolaya, mai tambaya ya roƙi kada a sa siyasa. Ba a kama suna ba, don haka na bari, amma a tsaya nan.

Sarkin Zolaya: Na tsaya, shugaba. Amma dai ba a ce ƙarya na yi ba.

Bakabe: Akwai waɗanda har yanzu ba a ambata ba, kuma su ne suka fi damuna. Ana magana kamar talaka marar karatu ya haƙura ya zauna gida. Bai zauna ba. Yana fita, ta hanyar da ta fi kowace muni. Samari na bin Dosso zuwa Agadas, a loda su bayan Hilux a tsallaka sahara zuwa Libiya ko Aljeriya. A 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawa mata da yara, Hausawa ne 'yan uwanmu na yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motarsu ta lalace. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojoji suka soke ta a Nuwamban 2023, hanya ta sake buɗewa. Kuma abin takaici, in ka tara abin da yaro ke kashewa a wannan hanya, daga kuɗin direba zuwa na shingaye zuwa kuɗin fansa in an kama shi a can an bugo wa iyaye waya, wani lokaci ya fi kuɗin tikitin jirgi. Talaka yana biyan tafiya da tsada, a guntu-guntu, kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Maman Hanifa: Wallahi haka ne. Ga kuma mata da ake kai wa aikatau Saudiyya da wasu ƙasashen Larabawa. Ejan ya zo har gida, ya ce ba sai kin biya komai ba, za a riƙa cira a albashi. Ta sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa. Tana sauka a karɓe fasfo. Wasu sun dace da mutanen kirki, sun gina gida sun aurar da ƙanne, ba na musun wannan. Wasu kuma mun gansu a asibiti bayan sun dawo. Ni da ita duk aiki za mu je yi, bambancin ni zan karanta kwantiragina, na san albashina, na san inda zan kai kuka.

Ustaz Gwandu: Haka masu shiga da bizar ziyara ko ta Umara su maƙale su jira Hajji babu tasrihi, wato takardar izinin Hajji. A Hajjin 2024 da aka yi tsananin zafi, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, don ba su da tanti a Mina da Arfa, ba su da mota, a rana suke yini. Yanzu tarar wanda aka kama ta kai riyal 20,000, a koro shi, a hana shi shiga shekara goma. Masu kwaɗaita wa mutane wannan hanya don arha su ji tsoron Allah.

Malam Na-Jega: Na ji duka, kuma na ƙaru, amma ban sauka daga kan bakana gaba ɗaya ba. Dakta ya tafi da karatu, na yarda. To mutum nawa ne a ƙauyenku suka kai inda ka kai, Dakta? Kafin yaro ya kai ga neman Chevening sai ya gama firamare, ya ci WAEC da JAMB, ya yi shekara huɗu ko biyar ana ciyar da shi a jami'a. Ni ina aji, ina ganin waɗanda ke ɓacewa lokacin shuka da lokacin girbi, da 'yan matan da ba sa dawowa bayan aji uku. Ba dakikai ba ne. Karatun da kuke cewa yana buɗe ƙofa, shi kansa kuɗi ne suka saya tun daga tushe. In an samu ɗan manomi ɗaya ya tsallake, sai a yi ta nuna shi, a manta da ɗari da suka zube a hanya.

Dakta daga Kalgo: A ƙauyenmu ni kaɗai ne, kuma yayana ne ya bar makaranta ya riƙe gona don in ci gaba. Ban musa ba. Amma Malam, kada ɗalibanka su ji kana cewa karatu ba ya tsinana komai. Alhaji da dukiyarsa an hana shi, an ba yaron da ya iya cike takarda.

Alhaji Mai Albasa: Shi ya sa ɗiyana duka na makaranta, har mata. Wanga da ka rubuta mini yanzu shina aji biyu a jami'ar nan tamu ta Aliero. Na kuma yi rajistar kamfani, ciniki na bi ta banki. Amma Dakta, ku ma ku koyi ɗaure rago. Ilimi babu jari, sai yawan magana.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji ya gama da ku 'yan boko.

Baban Sadik: Ga masu albashi irina, akwai Adashin Gata da NAHCON ta buɗe da bankin Jaiz a 2020, kana zubawa kaɗan-kaɗan. Matsalarsa ɗaya, da naira kake tarawa, kujera kuma tana gudu da dala. Ni dai na raba biyu, rabi can, rabi na sayi 'yan tumaki na kai ƙauye. Wanda kuma ke da niyyar fita ko nan da shekara uku ne, ya je ya daidaita sunansa da ranar haihuwarsa a NIN tun yanzu. Fasfo ba ya fita sai sun yi daidai, kuma mutanenmu da yawa suna ɗaya a NIN, wani a takardar makaranta, wani a banki. Muhammadu nan, Mamman can. Gyaran yana cin lokaci, kuma a nan ne 'yan tsakiya ke tatsar wanda bai iya karatu ba.

Autan Bunza: Salam iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake bi ban yi magana ba. Ni NCE gare ni, shekara uku babu aiki. Wani ya ce zai samo mini aikin tuƙi a Saudiyya, in kawo miliyan ɗaya da rabi, rabi yanzu rabi in biza ta fito. Baba ya ce zai jinginar da fadamarmu. Ya turo mini hoton bizar wani da ya ce shi ya yi masa. Me kuke gani?

Hajiya Mai Atamfa: Auta, kada a taɓa fadamar nan tukuna. Hoton bizar wani ba shaida ba ce, ni ma ina da su cike da waya. Tambaye shi sunan kamfaninsa da lasisinsa na ɗaukar ma'aikata zuwa waje daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, da ofishinsa inda za ka je ka zauna ka gan shi. Ka ce ya haɗa ka da mutum biyu da ya kai, ka yi magana da su ta bidiyo, kai kaɗai ba a gabansa ba. In ya fara fushi ko ya ce kujera za ta ƙare gobe, ka san amsa.

Maman Hanifa: Ƙanena, ka kuma tabbata bizar aiki ce, ba ta ziyara ko Umara ba. Da ta ziyara ba za a yi maka igama, wato takardar izinin zama, ba, ranar da ta ƙare ka zama abin farauta. Bizar aiki tana zuwa da sunan kafili, wato mai ɗaukarka aikin, da sana'ar da za ka yi, kuma akwai gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi kafin a buga ta. Kwantiragi ya zo a rubuce: albashi nawa, wa zai ba da masauki da abinci, wa zai biya tikitin dawowa. In da Larabci ne ka kai wa Ustaz.

Ustaz Gwandu: Ya kawo, zan karanta masa. Kuma ina so in yi magana da mahaifinka kafin a je wurin mai karɓar jingina. Turo mini lambarsa ta gefe.

Autan Bunza: To Malam, na gode. Fasfon ma ban yi ba tukuna, shi ya ce zai yi mini a cikin kuɗin.

Ɗan Kamba: Fasfo kai za ka yi abinka. Ka cike ta intanet, ka biya 100,000 ɗin da hannunka, ka tafi ofishin shige da fice na Birnin Kebbi a ɗauki hotonka da yatsunka. In ya fito ka riƙe shi wurinka, kada ka ba shi sai ka ga lasisin da Hajiya ta ce.